Wanzami a akwatin gilashi: yadda na rasa kifin da na saya da sunan likita

Da safe na gan su, ina shan shayi kafin in fita aiki: ɗige-ɗige farare guda biyar ko shida a fiffiken babban kifina, kamar an barbaɗa masa gishiri. Kafin magariba ya fara goga jikinsa a dutse, yana numfashi sama-sama. Duk mai kiwon kifin teku ya san wannan cuta ta farin ɗigo ko da a bakin wasu, kuma kowa fatansa kada ta biyo ta gidansa.

A Jidda nake zaune, kuma shekara biyu ke nan ina da tankin ruwan gishiri a falo, mai cin lita 400. A ciki akwai duwatsun murjani da yashi, da na'urar tace ruwa, da ta sanyaya shi, domin a garin nan zafi ne ke wahalar da mai tanki. Mazauna bakwai ne a lokacin. Babbansu shi ne Zebrasoma xanthurum, ɗan asalin Bahar Maliya, shuɗi mai duhu kamar an tsamo shi daga marina, wutsiyarsa rawaya. Sai wasu biyu ruwan goro masu fararen zane, sai kore-kore huɗu masu yawo tare. Biyu daga cikin huɗun nan sababbi ne. Kwana goma kafin ɗigon ya bayyana na sayo su, na juye su kai tsaye ba tare da na keɓe su ba. Ta nan cutar ta shigo, kuma laifina ne.

Na je wani shagon kifin ado, na nuna wa mai shagon hoto a waya. Bai ɗauko magani ba. Ya ja ni gaban wani tanki, ya nuna mini wani siririn kifi da bai fi ɗan yatsa tsawo ba, ya ce wannan shi ne likita, in saka shi zai tsince ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya. Ba na zarginsa da ƙarya. Abin da ake faɗa ke nan a wannan harka, shi ma haka ya taras ana faɗa.

Sunan kifin a littattafan masana Labroides dimidiatus, kuma tun 1839 masanin Faransa Valenciennes ya rubuta bayaninsa. Ɗan dangin Labridae ne, dangi mai nau'i sama da 600, mafi yawansu masu ado ne na ban mamaki. Shi wannan adonsa ba shi da hayaniya, amma ido ba ya wuce shi. Gabansa fari-fari ne da ɗan ratsin rawaya, bayansa shuɗi mai haske kamar wutar lantarki, sai baƙin layi da ya taso daga baki, ya ratsa ido, yana ƙara faɗi har wutsiya. Yana ƙarami baƙi ne wuluk da siririn layi shuɗi a baya. Ba ya wuce santimita 14. Ana samun sa daga Bahar Maliya da gaɓar Gabashin Afirka har tsibiran tsakiyar tekun Fasifik, arewa kuwa har kudancin Japan. Ni a gida wanzami nake ce masa, don ban ga sunan da ya fi dacewa da aikinsa ba.

Na taɓa ganin aikin nan da idona tun kafin in saye shi, a murjanin da ke arewacin Jidda, wajen Ubhur, cikin tekun nan da kakanninmu suka riƙa ƙetarowa daga Sawakin a kan hanyarsu ta hajji. Wanzami yana da rumfa, wani dutse guda da ba ya barin kewayensa, kuma duk kifayen yankin sun san wurin. Yakan yi wata 'yar rawa, yana ɗaga bayansa sama da ƙasa, kamar mai kiran ciniki. Kifi zai zo ya tsaya cak, ya baje fikafikai, wani ya karkace, wani ya tsaya kai a ƙasa, wani har launin jikinsa ya canza. Ranar na ga najil, kifin nan da mutanen Jidda ke ji da shi a kasuwa, wanda ƙananan kifi ne abincinsa, ya wage baki ya buɗe marfin mashaƙarsa, wato ramukan gefen kai da kifi ke numfashi da su. Wanzami ya shige bakin, ya ɓace, ya ɓullo ta gefen kai. A baya akwai wasu suna jiran layi. Wanda ya taɓa zama a rumfar aski ranar jajibirin salla ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan wuri.

Abin da yake tsinta shi ne wasu 'yan halittu dangin ƙaguwa da jatan lande, da masana ke kira Gnathiidae. Tun suna ƙanana suke maƙalewa jikin kifi su sha jini su sauka, kamar yadda kaska ke yi wa saniya. Alexandra Grutter, masaniya a Jami'ar Queensland, ta shafe shekaru tana bin wanzaman tsibirin Lizard, a babbar katangar murjani ta Ostiraliya. Lissafin da ta fitar a 1996 ya nuna wanzami ɗaya yana duba kifi kusan 2,300 a yini, yana cinye kaskar ruwa wajen 1,200. A 1999 kuma ta ajiye kifaye a keji, wasu a dutsen da ke da wanzami, wasu a inda aka kwashe shi. Cikin kwana 12 waɗanda ba su da mai yi musu aski sun tara kaska kusan ninki huɗu na sauran.

Kifi 2,300 a yini. Ni kuwa bakwai na tanadar masa, kuma babu kaskar ruwa ko guda a jikinsu. Da na san wannan adadi tun ina shagon, da ban biya kuɗin ba.

Kwanakin farko sun faranta mini rai ƙwarai. Ko awa guda bai yi a tankin ba ya zaɓi wani dutse a gefen dama ya fara rawarsa. Babban shuɗin nan, wanda ba ya barin kowa ya raɓe shi, ya zo ya karkace a gabansa, launinsa ya dusashe, ya bari ana bin jikinsa. Babu wanda ya koya musu. A kwana na huɗu ɗigon ya ragu, a na biyar babu ko ɗaya. Na yi hamdala, har na gaya wa abokaina biyu masu tanki cewa likita ya yi aiki.

Ashe ba shi ya yi ba. Cutar farin ɗigo wata ƙwayar halitta ce mai suna Cryptocaryon irritans, kuma tana da zagaye nata da ba ya sauyawa. Tana huda fatar kifi ta shige ƙarƙashinta, ta yi kwana 3 zuwa 7 tana ci. Farin da muke gani ita ce a binne, fatar kifin ta rufe ta, shi ya sa bakin wanzami, wanda aka yi domin tsinto abin da ke maƙale a waje, ba ya iya raba kifi da ita. In ta ƙoshi sai ta fito don kanta, ta sauka kan yashi ko dutse, ta lulluɓe kanta da kwanso, ta shiga rarrabuwa. Kwanso ɗaya yakan iya fitar da 'ya'ya har 200. Yawanci cikin mako guda suke fashewa, amma an ga waɗanda suka kai kwana 72. 'Ya'yan suna da kwana ɗaya zuwa biyu su sami kifi, in ba haka ba su mutu. A teku mai faɗi mafi yawansu ba sa samu. A tanki kuwa, kifin da suka sauka daga jikinsa yana nan yana barci a samansu. Ɓacewar ɗigon da na yi wa murna saukarsu ce zuwa yashi. Da wanzami ko babu wanzami, ranar za su sauka.

Mako guda bayan haka suka dawo, wannan karon ba a iya ƙirga su. Shuɗin ya yi kamar an yi masa wanka da garin gero, kore-koren sun fara maƙewa a lungu. Shi kansa likitan na ga ɗigo biyu a wutsiyarsa.

Amma abin da ya fi damuna a makon nan shi ne yadda zama ya lalace tsakaninsa da sauran. Da, su ke zuwa wurinsa. Yanzu shi ke bin su lungu-lungu. Ya kai baki jikin kifi, sai ka ga kifin ya zabura kamar an soka masa allura, ya gudu. Ruwan goron biyu suka daina fitowa tsakiyar tanki. Shuɗin kuwa ya fara juyowa yana fatattakarsa har bayan duwatsu, bayan minti biyar wanzamin ya sake dawowa yana rawa a gabansa.

Wannan zabura tana da ma'ana, kuma masana sun daɗe da gane ta. Jikin kifi lulluɓe yake da yauƙi mai kare shi daga cuta, kuma wanzami ya fi son yauƙin nan a kan kaska. Grutter da Redouan Bshary, wanda ke Jami'ar Neuchâtel a Suwizalan, sun tabbatar da haka a 2003 ta hanyar ba shi zaɓi tsakanin biyun. Ke nan duk kaskar da ya cire, ya danne son ransa ne. In ya ci amana ya ɓalli yauƙi, kifin yakan zabura. Makiyayi ya san irin wannan hali a wurin carki: yana sauka a bayan saniya yana cire kaska, amma in ya sami gyambo sai ya zauna yana tono yana shan jini, har ciwon ya ƙi warkewa.

To me ke riƙe wanzami a kan gaskiya a teku? Kasuwa. Bshary ya bi diddigin wannan dalla-dalla, kuma abin da ya gano zai zama sananne ga duk wanda ya taɓa riƙe shago. Abokan cinikin wanzami kashi-kashi ne. Akwai 'yan gida, ƙananan da ba sa barin dutsen, ba su da wata rumfa sai tasa; in ya cuce su, kora kawai suke iya yi masa. Akwai baƙi, manyan da ke yawo tsakanin duwatsu. In ya cuce su ko ya bar su suna jira, sai su koma rumfar gaba. Saboda haka in baƙo da ɗan gida suka zo tare, baƙo yake fara yi wa, don ya san ɗan gida ba ya zuwa ko'ina. Masu haƙora irin najil kuwa kusan ba ya taɓa ha'intarsu. In akwai wani kifi a gefe yana kallo, yakan rage cizo, domin mai kallon nan yana auna ko zai miƙa nasa jikin. In ya ɓata wa wani rai, sai ya hau bayansa yana shafa shi da ƙananan fikafikansa har ya huce, kuma an auna an ga wannan shafa tana rage sinadarin firgici a jinin kifi. Har a tsakaninsu akwai hukunci: idan namiji da mace suna aiki tare, macen ta yi cizon da ya kori abokin ciniki, namijin yakan bi ta da kora, kuma takan gyara.

Ka ɗauki duk wannan tsari ka zuba shi a lita 400, babu abin da zai rage. Babu baƙo, babu rumfar gaba, babu kaska. Kifaye bakwai marasa lafiya ne, da mai sana'a guda da yunwa ke ci. Abin ci ɗaya da ya sani a tankin shi ne yauƙin jikinsu, su kuma a lokacin ne suka fi bukatar yauƙin nan. Na kawo shi don ya sauƙaƙa musu, ya zama ƙarin nauyi a kansu, kuma ba halinsa ne ya ɓaci ba.

Na yi ta fama da ciyar da shi. Busasshen abincin gwangwani da sauran ke rububi, shi ko kallo bai ishe shi ba. Na gwada ƙananan jatan landen da ake sayarwa a daskare, ya ɗauka ya tofar. Na sayo ɗanyen jatan lande a kasuwar kifi, na daka shi lukui, na shafa a bayan kwanson kawa na saka a ruwa. Nan ne ya ɗan fara tsinta, wataƙila don abin ya yi kama da tsinta a jikin wani. Ƙwan kifi ma ya karɓa kaɗan. Amma shi cikinsa na mai tsince-tsince ne daga fitowar rana har faɗuwarta, ni kuma ina wurin aiki tun safe. Sau biyu ko uku a yini ba su riƙe shi ba. Alamar yunwa a irin wannan kifi ba ta ɓuya: ciki ya shafe, bayan kai ya rame har kan ya fi jiki faɗi.

Wani dare 'yata ƙarama ta haska tocila a tankin, ta rugo ta ce, “Baba, likita ya mutu, gizo-gizo ya yi masa saƙa.” Na je na duba. Yana kwance a tsagar dutse cikin wani farin lulluɓi mai kama da yana. Barci yake yi. Haka suke kwana a teku: da magariba su shige rami, su fitar da yauƙi su kewaye kansu da shi, da asuba su fito su bar shi. Na tsaya ina kallonsa ya rame haka, amma bai fasa shimfiɗa gidan sauronsa ba.

Sai a mako na uku na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na kafa wani tanki daban, babu yashi babu dutse, sai guntayen bututun roba don su sami maɓoya. Na kwashe kifayen duka takwas na mayar can. Maganin da ke kashe wannan ƙwaya shi ne jan ƙarfe, a kan miligiram 0.15 zuwa 0.20 a kowace lita, kuma dole a riƙa aunawa kullum, don in ya yi ƙasa ba ya aiki, in ya yi sama kifin yake kashewa. Ba a zuba shi a babban tanki, domin yana hallaka murjani da jatan lande da dodon koɗi, dutse kuma yana shanye shi. Shi babban tankin barin sa ake yi babu kifi ko ɗaya har kwana 76, yadda duk kwanson da ya fashe 'ya'yansa za su rasa mai ɗaukarsu. Akwai masu rage gishirin ruwa a maimakon jan ƙarfe, akwai masu sauya wa kifi tanki duk kwana uku. Kowace hanya aka bi, keɓewa ce tushenta.

Jan ƙarfe yana rage wa kifi sha'awar abinci. Ga mai ƙiba wannan ba komai ba ne, zai jure. Wanzamina ya shiga jinya ba shi da abin da zai jure da shi. Biyu daga cikin kore-koren sun mutu a makon farko na magani. Shi ya kai har ƙarshen mako na biyar da zuwansa gidana. Da asuba na same shi a ƙasan tankin, kusa da bututun da yake kwana.

Akwai abin da na riƙa gani yana yi tun yana babban tanki, wanda sai daga baya na san nauyinsa. Da yamma in hasken falo ya sauya, gilashin gefe yakan zama kamar madubi, shi kuma yakan je ya tsaya yana jujjuyawa a gabansa. A 2019 Masanori Kohda da abokan aikinsa a birnin Osaka na Japan sun wallafa gwajin da suka yi wa irin wannan kifi. Sun bar shi da madubi har ya saba, sannan suka sa masa ɗigon launi mai kama da kaska a maƙogwaro, inda ba zai iya gani ba sai ta madubi. Kifin ya duba, ya sauka ya goga maƙogwaronsa a ƙasa, ya dawo ya sake dubawa. Wannan gwaji Gordon Gallup ne ya ƙirƙiro shi a 1970 don manyan birai, kuma shi bai gamsu da sakamakon kifin ba. Kohda ya maimaita da kifaye masu yawa a 2022, a 2023 kuma ya nuna suna bambanta hoton fuskarsu da na wani. Masana na ci gaba da muhawara a kan ko wannan sanin kai ne. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, halittar da ke gane abokan cinikinta, ta san wanda za ta lallasa da wanda za ta bari ya jira, ba kwalbar magani ba ce da za a saya a jefa a ruwa.

Sannan akwai dutsen da aka ɗauko shi daga kai, wanda ban taɓa tunawa da shi ba lokacin da nake miƙa kuɗi. A tsibirin Lizard, a shekarar 2000 aka fara wani dogon gwaji: an ware wasu ƙananan duwatsun murjani ana kwashe musu wanzamai a kai a kai, an bar wasu yadda suke. Bayan shekara takwas da rabi, sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna kifayen 'yan gida sun ragu da kashi 37 cikin 100 a duwatsun da babu wanzami, nau'o'insu sun ragu da kashi 23 cikin 100, waɗanda suka rage ma ba su kai 'yan uwansu girma ba. A nan Bahar Maliya, a Ras Muhammad ta ƙasar Masar, Bshary ya ga irin haka tun 2003: dutsen da ya rasa wanzaminsa, bayan watanni nau'o'in kifinsa sun ragu, wanda aka kai wa sabo kuma cikin makonni suka ƙaru. Ɗan kifi mai tsawon yatsa shi ke tara jama'a a unguwa.

Gidansa ma yana girgiza in aka cire shi. Suna zama ne namiji ɗaya da mata kaɗan, kowace da matsayinta gwargwadon girman jiki. D. R. Robertson ya nuna a 1972, a tsibirin Heron na Ostiraliya, cewa in namijin ya ɓace, babbar macen tana fara halin namiji cikin sa'o'i kaɗan, tana zagaya rumfunan sauran matan, kuma cikin mako biyu zuwa uku jikinta ya juye ta zama namiji mai iya haihuwa. Ikon Allah ke nan. Wannan yana taimaka musu su farfaɗo in an ɗauke ɗaya, amma ba ya cike gurbin bakin da ke cire kaska 1,200 a yini.

Kuma ba ɗaya ake ɗaukewa ba. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003 ya ƙiyasta ana cinikin kifin ado na teku miliyan 20 zuwa 24 a shekara, mafi yawa daga Indunusiya da Filifin, kuma ya ambaci wannan kifi da suna a cikin waɗanda ake yawan sayarwa alhali an san ba sa sabawa da zaman tanki. Gaskiya ne ba ya cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya. Amma ɓarnar cire shi dutse-dutse take faruwa, a inda mai raga ya tsaya.

Ba zan ce babu wanda ya taɓa riƙe shi ya rayu ba. Akwai masu manyan tankuna, cike da manyan kifaye, da nasu ya yi shekaru, kuma a cikin wanzaman akwai waɗanda ke karɓar abincin hannu da wuri. An ma sami nasarar hayayyafa shi a gonar kifi a tsibirin Bali, kuma wanda aka haifa a tanki ya tashi da sanin abincin mutane, bai bar wani dutse babu mai aski ba. Wanda ya nace sai ya ajiye shi, irin wannan ya kamata ya nema. In kuwa ya riga ya shigo hannunka, to aikin ciyarwa ne a gabanka: abinci mai laushi, ɗan kaɗan-kaɗan, sau huɗu ko biyar a yini, ana sauya iri har a gano wanda yake karɓa. Ɗumin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Celsius, gishiri giram 35 a lita, babu hawa da sauka. A rufe saman tanki ruf, don duk danginsa masu tsalle ne. A bar masa tsagogin dutse na kwana. Kada a haɗa biyu sai an tabbatar namiji da mace ne, kuma mai manyan kawa masu launi a tankinsa ya sa ido, yakan tsinci naman bakinsu. A shago kuma kada ka karɓi wanda ba ka ga ya ci abinci a gabanka ba. Ka duba bakinsa da kyau: na gaskiya bakinsa a tsinin kai yake. Akwai wani kifi daban, Aspidontus taeniatus, da ya ari kayansa da rawarsa, bakinsa a ƙasan kai da manyan fiƙoƙi a ɓoye, yakan matso kamar zai yi aski ya ɓalli fiffike ya gudu.

Wanda kuma sha'awarsa kawai ya ga ana aski a tankinsa, akwai masu yin aikin da ba su dogara da shi ba don su rayu. Akwai Elacatinus oceanops, ɗan ƙaramin kifi mai shuɗin layi daga tekun yammacin Atlantika, wanda aka daɗe ana hayayyafa shi a gonaki. Akwai jatan lande mai jan baya da farin layi, Lysmata amboinensis, mai cin duk abin da aka zuba. Su ma ba sa warkar da farin ɗigo.

Da kwana 76 suka cika na mayar da biyar ɗin da suka rage. Tankin jinya ban naɗe shi ba. Yanzu duk sabon kifi a nan yake fara yin wata guda kafin ya ga falo. Jatan lande biyu na saka, kuma ba tare da na zaɓa musu ba suka tare a ƙarƙashin dutsen nan na gefen dama. Shuɗin ya warke sarai, launinsa ya dawo. Kowace safiya in fitilar tankin ta kama, yakan je gaban dutsen ya karkace, ya buɗe marfin mashaƙarsa, ya tsaya cak har ɗaya daga cikinsu ya miƙo dogayen fararen gashinsa ya hau bayansa.